Sha-ka-fashe: Maganin da Gori ke Rubutawa

Duk wanda ya ɗauko zancen ƙin siffar jiki da rikicewar cin abinci a arewacin Zamfara, amsar farko da zai ji ita ce: wannan ai ciwon ƙoshi ne, na 'yan matan Turai. Masu faɗin haka suna da hujja. A gwajin da ƙungiyar likitoci ta MSF da ma'aikatar lafiya suka yi a Shinkafi da Zurmi a 2024, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar an same su da tamowa. Amma yunwar nan ita ce ta ƙara ɓata sunan rama. Siririyar budurwa sai a ce da ita sillen kara. Amaryar da ta yi wata uku ba ta murmure ba, a ce mijinta marowaci ne. Gori dai gori ne, ko na ƙiba ko na rama.

Daga gorin sai kemis. Ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe yawanci cyproheptadine ne, maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci, ko kuma dexamethasone, wanda likita ke bayarwa don kumburi ko asma. Na biyun ba ya gina jiki. Ruwa yake tarawa, ya jibge kitse a fuska da ciki, kumatu su cika taf, hannuwa da ƙafafu kuwa su ƙanƙance. Bayan haka sai hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi, kuma yanke shi farat ɗaya na iya kai mutum kwance.

Wani zai ce ai kwalliya ce, mata sun gaje ta tun kaka da kakanni. To, kunun gyaran amarya abinci ne, ƙwaya kuwa magani ce mai ƙa'ida. Kuma ma'aunin kyau ba ya zama wuri ɗaya. A tsibiran Fiji ma cikar jiki ake so, har talabijin ta shiga yankin Nadroga a 1995. Zuwa 1998, binciken Anne Becker ya samu kusan kashi 11 cikin 100 na 'yan matan makaranta suna jawo amai don kada su yi ƙiba. Yau wayar hannu ke wannan aikin. Ɗaliba a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaura Namoda tana ganin TikTok na neman cikar ƙugu da shafaffen ciki lokaci guda, ga masu tallan shayin rage tumbi a gefe.

Wadda ke ɗura abinci har ya gundure ta, da wadda ke ƙin cin tuwon dare don tsoron tumbi, ciwonsu ɗaya: an koya musu ƙyamar jikinsu. Asibiti zai iya saukar da jinin da ya hau, hukuma ta hana sayar da ƙwayar barkatai, amma gorin a tsakar gida ake yin sa, daga bakin inna da gwaggo. Ran da suka daina auna yarinya da ido, mai kemis zai rasa ciniki.