Saƙa: daga kaɗa zuwa zane

A ƙasar Tasawa da Mayahi, saƙa tsohuwar sana'a ce. A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, ya biyo ta Tasawa, ya kuwa iske marina tana aiki. Inda ka ga marina, to akwai masaƙa kusa.

Aikin daga hannun mata yake farawa. Su za su gurje kaɗa su fidda angurya, su shiɓe ta da baka, sannan su kaɗa ta da mazari. Zare iri biyu suke fiddawa. Akwai siriri mai ƙarfi, shi ne na tsaye. Akwai abawa, mai kauri da taushi, ita ce ake gittawa.

Masaƙi zai fara da wadari. Ya kafa turaku, ya yi ta kai da komowa da zare har tsawon ya isa. Daga nan ya zura zaren cikin allera da masefi ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen zaren kuwa sai a ɗaure shi ga kunkuru, a aza dutse bisa. Nauyin dutsen nan shi ke sa zare ya miƙe.

In ya zauna, ƙafa da hannu duk aiki suke. Ya taka da ƙafa guda, zare ya buɗe. Ya jefa ƙoshiya ta wuce da abawa. Ya jawo masefi ya buga. Ya taka da ɗaya ƙafar, ya maido ƙoshiya. In bugun ya yi sanyi, saƙa za ta yi shara-shara. In an ja abawa da ƙarfi, baki ya tsuke, ƙyalle ya karkace.

Abin da ke fitowa dogon ƙyalle ne, faɗinsa kamar tafin hannu. To, saura gyara. A yanka shi tsawo ɗaya, a jera, a ɗinke baki da baki. A ƙulle zaren da ke bakin zanen don kada ya warware. In ana son baƙi, a kai marina a tsoma cikin baba. Bayan ya bushe, mabuga su aza shi bisa gungume su yi ta bugu har ya yi sheƙi. Haka ake yin turkuɗi a Kura, kusa da Kano, wanda Buzaye ke naɗawa.

Yau yadin kanti da gwanjo sun cika kasuwa, sun fi araha. Masaƙa sun ragu, yawancinsu tsofaffi ne. Saƙa kuwa ba a koyonta da ji, sai an zauna gefen mai yi. In tsohon masaƙi ya rasu bai bar almajiri ba, saninsa ya bi shi. Jama'a, in da masaƙi a garinku, ku sayi kayansa, ku kuma tura yaro ya koya.