Mun Biyo Gulbi Har Gida

Kwana shida ke nan da muka bar Gwadangaji, mu da uwargida da yara uku, a cikin tsohuwar motarmu. Mun je gaida dangi a Sakkwato cikin watan Maris na 2024. Da za mu komo sai muka ce ba za mu bi kwalta tun daga farko ba, za mu ratsa ta ƙauyukan Silame da Augie, domin yara su ga inda ruwan fadamarmu yake fitowa.

Masu karatu da yawa sun sani, a kusa da Sakkwato ne gulbin Rima da gulbin Sakkwato suke gamuwa. Daga nan ruwan ya gangaro Argungu, ya wuce Birnin Kebbi, har ya faɗa Kwara. Amma yaranmu suna tsammani a bayan gari ya tsiro.

Hanyar daji ba ta da sauƙi. Sau biyu rairayi yana riƙe mu, sai da samarin ƙauye suka tura. Ruwan sha na jarka ya kusa ƙarewa, autarmu kuwa zafi ya dame ta har ta daina magana. Uwargida ta ce, "Maigida, in la'asar ta yi ba mu hau kwalta ba, a garin mutane za mu kwana." Gaskiyarta, gama ba a yin dare a daji da iyali.

Inda mota ta kafe na biyu, a nan muka sami abin da ya sa muka rubuta wannan labari. Wani dattijo ya ba mu inuwa, ya sa aka kawo mana fura. Muka ce, "Baba, yaya noman shinkafa?" Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa shinkafar gargajiya suke shukawa da ruwan fari, irin wadda take tsawo tana bin ambaliya, ruwa na hawa tana hawa. Sun san watan da gulbi zai cika, sun san watan da zai janye. Bayan an gama dam na Bakolori a 1978, da na Goronyo a 1984, sai lissafi ya rikice. Wata shekara ruwa ba ya kai gonakin gefe, wata shekara kuma ya zo gaba ɗaya, kamar yadda aka gani a 2010 da 2020, ya kwashe shinkafa tana gab da nuna.

Saboda haka shi da 'ya'yansa sun mai da ƙarfinsu ga noman rani. Sun kafa bututu a fadama, inji yana jawo ruwa daga ƙasa. To, amma inji mai yake sha, tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuwa kuɗin ban ruwa ya yi masa nauyi, har ya rage fili. Mu malaman gona mun daɗe muna yi wa manoma wa'azin sabon iri da takin zamani. Iri mai saurin nuna yana da amfani, ba mu musa ba, domin yakan tsere wa ambaliya. Amma ranar nan mun ji kunya kaɗan. Ba iri ne ya hana dattijon nan barci ba. Abin da yake so shi ne ya ji labari da wuri in za a saki ruwa daga sama, ya kuma sami hanyar ban ruwa mai rahusa, ko da su haɗa kai su biyar su sayi inji mai aiki da hasken rana.

Mun shiga Argungu kafin la'asar. Yara suka nace sai sun ga Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi tun 1934. Muka tsaya minti goma, suka wanke ƙafa, muka cika jarka a gari.

Saura kamar mil 30. Hayaniya ta mutu a bayan mota, kowa ya gaji. Bayan Ambursa, wajen Zauro, iskar fadama ta fara shigowa ta taga da sanyinta. Babban ɗanmu ya ɗaga kai ya tambaya, ko wannan ruwan ne muka gani a Silame? Muka ce shi ne. Ya yi shiru, can ya ce ashe ya riga mu isowa.

Ana kiran magariba muka hango fitilun Gwadangaji. Uwargida ta fara tashin auta, ta ce ta nemo takalmanta.