Ko Kun Sani? Lahadi a Jamus

Ko kun san cewa a Jamus kusan duk kantuna a rufe suke ranar Lahadi, har da na kayan abinci? Baƙon da bai yi cefane ranar Asabar ba, sai dai ya nufi babbar tashar jirgin ƙasa, ko filin jirgin sama, ko gidan mai, inda aka yarda wasu shaguna su buɗe. Masu gasa burodi kuwa sukan buɗe na 'yan sa'o'i da safe.

Abin a rubuce yake. Kundin tsarin mulkin Jamus na 1919, wanda ake kira na Weimar, ya keɓe Lahadi a matsayin ranar hutu, na 1949 kuma ya riƙe wannan sashe har yau. Tun 2006 kowace jiha ke tsara lokutan kantunanta, kuma Lahadi kaɗan ake barin a yi ciniki a shekara. Ma'aikacin kanti ma yana samun yini da iyalinsa, abin da ya cancanci yabo.

Hayaniya ma an taƙaita ta. Ba a kunna injin yankan ciyawa ranar, ba a zuba kwalabe a kwandunan unguwa, saboda ƙararsu tana damun maƙwabta. A sauran ranaku, ana sa ran a rage ƙara daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe.