Uwargida, Kafin Ki Sayi Katin Hoto Na Kwamfuta

Uwargida, mata da dama na samun na kashewa daga cikin ɗaki ta hanyar tace bidiyon biki da suna. Idan hoto ya fara sarƙewa, sai a ce kwamfutar na buƙatar katin hoto, wato allon da ake saka mata don ya ɗauke nauyin sarrafa bidiyo. A nan ne kuɗi kan salwanta.

Fara da manhajar da kike aiki da ita, Premiere Pro ce ko DaVinci Resolve. Kowane kamfani yana bayyana irin katin da manhajarsa ke buƙata a shafinsa na intanet. Nemi na NVIDIA ko AMD mai ma'adanar gigabait 4 aƙalla, ko 8 idan bidiyon 4K ne.

Sannan duba kwamfutar. Katunan yanzu ramin PCI Express suke shiga, ba tsohon ramin AGP ba. Ki tabbatar na'urar wutarta za ta ɗauke shi, kuma zai shiga akwatin. Laftof kuwa galibi ba a canza mata kati.

In maigida za ki aika, rubuta masa sunan katin, kuma a gwada kafin a biya.