Yadda kociyoyin jami'o'in Amurka ke zaɓar kwatabak idan matasa biyu suka nemi kujera ɗaya

A daren 8 ga Janairun 2018, a birnin Atlanta, an tafi hutun rabin lokaci a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafar Amurka ta jami'o'i, Jami'ar Jojiya na gaban ta Alabama da ci 13 da nema. Da aka dawo, koci Nick Saban ya zaunar da Jalen Hurts, wanda sau biyu kacal aka doke ƙungiyar a hannunsa cikin kaka biyu, ya sa Tua Tagovailoa, ɗalibin shekarar farko. Alabama ta yi nasara da ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Har yau ana kafa hujja da wannan hukunci duk sa'ad da aka tayar da zancen wanda ya cancanci fara wasa tsakanin matasa biyu.

Aikin kwatabak

Wasan ya fi kama da zari-ruga, domin da hannu ake yin mafi yawansa. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 11, kuma masu kai hari na da dama huɗu su ci gaba da yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya. Kwatabak ne ke karɓar ƙwallo a kusan kowace dama, ya jefa ta, ko ya miƙa wa mai gudu, ko ya ruga da ita da kansa. A sauran gurabe ana iya yin karɓa-karɓa, amma a nan mutum ɗaya ake so, kamar yadda ba a sarki biyu a gari ɗaya. Matashin da aka zaɓa, wanda sau da yawa bai wuce shekara 20 ba, zai iya tsintar kansa a gaban 'yan kallo sama da 100,000, kamar a filin Jami'ar Michigan.

Abubuwan da ake aunawa

Na farko shi ne saitin jifa. Ƙarfin dantse yana burge 'yan kallo, amma koci ya fi damuwa da ko ƙwallon ta isa inda mai cafewa zai ɗauke ta ba tare da ya rage gudu ba.

Na biyu shi ne saurin yanke shawara. Tsakanin dama da dama daƙiƙa 40 ake bayarwa, a cikinsu zai karɓi umarni, ya karanci yadda masu tsaron baya suka jeru. Da zarar ƙwallo ta shigo hannunsa, abin da ya rage masa bai fi daƙiƙa uku ba kafin ƙarti su rufar masa.

Na uku shi ne tsare ƙwallo daga faɗawa hannun abokan hamayya. Sai iya gudu idan tsari ya wargaje, da kuma yardar sauran 'yan wasa da shi.

Matsalar ita ce da wuya a samu mutum ɗaya da ya haɗa duka. A kakar 2017 Hurts ya yi jifa 17 da suka kai ga cin maki, sau ɗaya tak aka tare masa ƙwallo. Sai dai ana sukarsa da yawan taka-tsantsan, kuma a rabin farko na wasan Jojiya yadi 21 kawai ya samu ta hanyar jifa. Tagovailoa ya fi shi kasada: a wannan dare an tare masa ƙwallo sau ɗaya, a ƙarin lokaci kuma aka kayar da shi har ƙungiyar ta yi asarar yadi 16. A damar da ta biyo baya ne ya jefa wa DeVonta Smith ƙwallon yadi 41 da ta kawo kofi. Wanda ake bi ci 13 yana bukatar mai kasada, abin da Saban ya lissafa ke nan.

Abin da atisaye ba ya nunawa

Dokar hukumar NCAA ta ba kowace ƙungiya zaman atisaye 15 a bazara, sai kuma sansanin watan Agusta. Ana ɗaukar bidiyon kowane jifa, a ƙidaya, a ba shi maki. Amma a wurin atisaye kwatabak yana sa riga mai launi daban, alamar kada a taɓa shi, don gudun rauni. Saboda haka babu mai sanin yadda zai yi bayan ya sha karo sai ranar wasa. Alƙaluman ɗan benci ma suna yaudara, domin galibi ana sa shi ne bayan an riga an yi wa abokan hamayya nisa.

Misalin Joe Burrow ya isa shaida. A bazarar 2018 ya fafata da Dwayne Haskins a Jami'ar Jihar Ohio, da ya ga kujerar ba tasa ba ce ya koma LSU. Haskins ya yi jifa 50 na cin maki a wannan kaka, don haka ba za a ce an yi zaɓen tumun dare ba. Burrow kuwa bai yi wani abin a zo a gani ba a shekararsa ta farko. A 2019, bayan an sauya tsarin kai hari ya dace da shi, ya yi jifa 60 na cin maki, LSU ta ci wasanninta 15 duka, ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon shekara. Tsarin da aka sa yaro a ciki yana daga cikin abin da ake aunawa, ko da ba a ankara ba.

Wanda aka bari ba ya jira

A da, wanda ya rasa kujera yakan haƙura ya jira. A 2018 NCAA ta yarda ɗan wasa ya buga har wasa huɗu ba tare da an lissafa masa shekarar ba, ta kuma buɗe rajistar masu neman sauya sheƙa. A wannan kaka, da kocin Clemson, Dabo Swinney, ya fifita Trevor Lawrence bayan wasa na huɗu, Kelly Bryant ya bar ƙungiyar nan take, daga baya ya koma Missouri. Tun Yulin 2021 kuma 'yan wasa na iya karɓar kuɗin talla da sunansu. Yanzu koci yana auna wanda ya fi, yana kuma lissafin wanda zai tattara kayansa idan aka bar shi a benci.

Hurts ya zauna. A ranar 1 ga Disambar 2018, a filin nan na Atlanta, Tagovailoa ya ji rauni Jojiya na gaba da ci 28 da 21. Hurts ya shigo, ya yi jifa ɗaya na cin maki, ya ruga da ɗaya, aka tashi 35 da 28. Ya koma Oklahoma a 2019, ya zo na biyu bayan Burrow a zaɓen Heisman. A 2020 an ɗauki Burrow na ɗaya a zaɓen gasar ƙwararru ta NFL, Tagovailoa na biyar, Hurts na 53. A Fabrairun 2025 Hurts ne gwarzon wasan Super Bowl, inda Philadelphia Eagles ta doke Kansas City Chiefs da ci 40 da 22.

Hukuncin koci amsa ce ga bukatar ƙungiya a wannan kaka, da tsarin da ke hannunta. Ba ya iya faɗin inda yaro ɗan shekara 19 zai kai nan da shekara bakwai.