Farashi, la'ada da tukwici: Me doka ta ce wa masu ciniki a Jega, Aliero da Maiyama?

Duk wanda ya taɓa sarin albasa a Aliero, ko awon hatsi a kasuwannin Jega da Maiyama, ya san cewa kuɗin da aka sallama masa kaya a kai ba lallai ne ya zama iyakar abin da zai fita daga aljihunsa ba. Bayan an gama ciniki sai la'adar dillali ta taso, ga kuɗin dako, ga cajin mai POS.

Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta taɓo wannan batu. Sashe na 115 ya hana baje kaya domin sayarwa ba tare da bayyana farashinsu ba, ya kuma hana karɓar fiye da abin da aka bayyana. A watan Fabrairun 2024 hukumar ta rufe kantin Sahad da ke Garki a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin cewa farashin da ke kan kanta ya saɓa da wanda ake karɓa a wurin biya.

Sashen bai yanke wa ɗan kasuwa farashi ba. Manufarsa ita ce mai saye ya san abin da zai biya kafin ya amince. A kasuwar da ake taya kaya da baki, cika wannan manufa na nufin a faɗi girman buhu ko mudu, da wanda zai ɗauki nauyin la'ada da dako, tun kafin a sallama.

Tukwici kuwa hukuncinsa daban ne. A Amurka an saba ƙara wa mai hidima a gidan abinci kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin abincin, domin dokar tarayya ta yarda a biya irin wannan ma'aikaci dala 2.13 kacal a awa, tukwici ya cike gurbin. A ƙasar Hausa kyautar kan fito ne ma daga mai sayarwa, wato gyara. Ko gyara ko na goro, alheri ne da ake yi don ganin dama. Da zarar ya zama dole, ya koma ƙarin farashi da aka ɓoye. Idan kuwa ma'aikacin gwamnati ne ya nemi na goro kafin ya yi aikin da ake biyansa albashi a kai, dokar hukumar ICPC ta 2000 ta ɗauke shi a matsayin cin hanci.

Saboda haka ya kamata mai saye ya tambayi jimillar kuɗi kafin a ɗaure kaya, ya nemi rasit inda ake bayarwa. Wanda aka cutar yana iya fara kai kuka ga sarkin kasuwa ko ƙungiyar 'yan kasuwa, in abin ya faskara ya kai ƙorafi ga FCCPC.