Gasasshiyar tuffa: Kayan zaƙin da za ki auna sukarinsa da hannunki



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo kantin maganin da nake aiki domin karɓar wa maigidanta maganin ciwon suga. Ina cikin yi mata bayanin yadda zai sha, sai ta katse ni da ƙorafi. Ta ce tun ranar da likita ya tabbatar masa da ciwon ta kawar da duk wani abu mai zaƙi daga gidan, ba kek, ba cincin, ba alawa, har yara ma dokar ta shafe su. Bayan wata uku sai ta tarar da kwalaben lemo a ƙarƙashin kujerar motarsa, yaran kuma kuɗin tararsu a wurin mai alawa yake ƙarewa. Ta ce, "Ni yanzu na rasa yadda zan yi da su."

Na ce mata, "Hajiya, kwaɗayin zaƙi ba ya jin doka. Idan aka hana shi a gida, waje zai fita nema, a can kuwa ba ke ce ke auna sukarin ba." Daga nan na rubuta mata yadda ake yin wani kayan zaƙi mai sauƙi, wanda ke ce za ki riƙe cokalin sukarinsa daga farko har ƙarshe. Shi na kawo miki a wannan makon.

Asalin wannan girki

Amurkawa ne suka fi shahara da shi, suna kiransa apple crisp, kuma tun a shekarar 1924 ya fara bayyana a littattafan girkinsu. Yanka tuffa ake yi a zuba a mazubi, a barbaɗa mata haɗin fulawa da ots da bota a sama, a gasa. Ƙasan ya yi laushi da romo, saman ya yi ƙaras-ƙaras. A Ingila akwai ɗan uwansa da ya yaɗu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da gwamnati ke raba wa jama'a sukari da bota da awo. Da yake kayan ba sa isar mata su yi kwaɓin da suka saba, sai suka koma murza ɗan abin da suka samu su barbaɗa a kan 'ya'yan itace. Ke nan tun asali girki ne na tattali, ba ya buƙatar ƙwai, ba ya buƙatar injin kwaɓi.

Mu a nan tuffa ba baƙuwa ba ce. Akasarin wadda ake tallar ta a bakin titi da kasuwanninmu daga waje ake shigo da ita, musamman Afirka ta Kudu, sai kuma wadda ake nomawa a yankin Jos saboda sanyinsa. Tana da tsada, shi ya sa zubar da wadda ta fara yaushi yake da ciwo. To wannan girki ya fi dacewa da irinta, matuƙar ba ruɓewa ta yi ba.

Lissafin sukari

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana. Ga babban mutum wannan ya kama kusan giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12. Hukumar ta ƙara da cewa rage shi zuwa giram 25, cokali shida ke nan, ya fi amfani. Zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin wannan lissafi, amma ɗan itacen da aka ci da tsokarsa ba ya ciki.

Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 takan ɗauki kusan cokali tara na sukari. Girkin da zan ba ki kuwa babban cokali biyar ne kacal na sukari a cikinsa, kuma na mutum takwas ne, ke nan kowa ya tashi da kusan ƙaramin cokali biyu. A girke-girken Amurkawa da yawa kofi guda ake zubawa, wato babban cokali 16. Na rage shi ne saboda tuffa tana da nata zaƙin, kuma gashi yana ƙara fito da shi.

Bayan haka, matsakaiciyar tuffa da ɓawonta tana ɗauke da kusan giram huɗu na faiba, wato ɓangaren abinci da ciki ba ya narkarwa. Shi yake rage saurin shigar sukari cikin jini, yana kuma taimaka wa bayan gida. Ots ma yana da irin faibar da ke taimakawa wajen rage mugun kitse a jini.

Kayan haɗi

Na ƙasa: matsakaiciyar tuffa shida, ruwan lemon tsami babban cokali ɗaya, fulawa babban cokali ɗaya, sukari babban cokali ɗaya, garin kirfa ƙaramin cokali ɗaya.

Na sama: ots kofi ɗaya, irin wanda aka fi sani da Quaker Oats a shagunanmu, fulawa rabin kofi, sukari babban cokali huɗu, bota mai sanyi babban cokali shida, gishiri ɗan kaɗan, da soyayyiyar gyaɗa dakakkiya rabin kofi idan kina so.

Idan da hali ki haɗa koriyar tuffa uku da ja uku. Koriyar tana da ɗan tsami kuma ba ta saurin narkewa a wuta, jar kuma ita ke ba da zaƙi. Wadda ba ta da kirfa tana iya saka ɗan garin citta.

Yadda ake yi

Ki kunna obin ya yi zafi a maki 180 tun kafin ki fara yanka. Ki wanke tuffar da ruwa mai tsabta kina murza ta da hannu. Ƙyallin da kike gani a jikinta sau da yawa wani kaki ne da ake shafa mata don kada ta bushe a hanya, kuma ba a wanke ta da sabulu ko garin wanki. Ki raba kowace huɗu, ki cire tsakiyar da 'ya'yan, ki yanka kaurin rabin ɗan yatsa. Ni ba na fere ɓawon, don wani kaso mai yawa na faibar a nan yake, amma idan akwai tsoho mai matsalar haƙori ko ƙaramin yaro, ki fere.

Ki zuba ruwan lemon tsami nan take don kada ta yi baƙi, sannan fulawa da sukari da kirfa, ki juya, ki shimfiɗa a mazubin gashi da kika ɗan shafa wa bota. Wannan cokali ɗaya na fulawa shi ke kama ruwan tuffar ya yi kauri.

A wani kwano ki haɗa ots da fulawa da sukari da gishiri da gyaɗa. Ki yanka botar ƙanana a kai, ki riƙa murzawa da kan yatsunki har ya zama kamar dambu mai ɗan gudaji. A nan mutane suka fi kuskure: idan botar ta narke, haɗin zai dunƙule ya fito da tauri. A lokacin zafi ki saka shi a firij na minti goma kafin ki barbaɗa. Ki barbaɗa shi a kan tuffar ba tare da dannawa ba.

Ki gasa na minti 40 zuwa 45, har sai saman ya yi ja kuma kin ga romo yana tafasa a gefe. Idan saman ya riga ƙasan nuna, ki rufe da foyil. Bayan kin sauke ki bar shi ya huce na minti 15, domin romon ya kama jikinsa, kuma kada ya ƙona bakin yara.

Idan babu obin

Rashin obin ko rashin wutar lantarki ba ya hana wannan girki. Hanya ta farko ita ce wadda aka saba gasa kek da ita: babbar tukunya mai kauri, a zuba yashi mai tsabta a ƙasa, a bar shi ya yi zafi, a ɗora mazubin a rufe, a sa garwashi kaɗan a kan murfin don saman ya gasu.

Hanya ta biyu ta fi sauri. Ki dafa haɗin tuffar a tukunya da ruwa babban cokali uku a kan wuta kaɗan na kusan minti goma, kina juyawa. Haɗin saman kuma ki soya shi a busasshen kasko kina motsawa har ya yi ja ya fara ƙamshi, ki juye a faranti ya huce. Sai lokacin ci ki barbaɗa shi a kan tuffar. Turawa da askirim suke ci, amma cokali biyu na kindirmo marar sukari ya wadatar.

Hattara da waɗannan

Mai ciwon suga zai iya ci, amma da lissafi. Tuffa da ots da fulawa duk jiki yana mayar da su suga. Rabonsa kada ya wuce rabin kofi, ya ci bayan abinci, a kuma rage masa tuwo ko shinkafar wannan lokacin. Idan yana da na'urar gwaji, ya auna sugansa awa biyu bayan fara cin abincin, ya rubuta, ya nuna wa likitansa. Wanda sugansa bai daidaita ba tukuna ya fara jin ta bakin likita.

Kada ki ɗauka cewa sauya sukari da zuma ko dabino ya raba ki da lissafi. Su ma suna ɗaga sugan jini. Sannan ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jarirai.

Sai batun kirfa, wanda kusan kowane mako sai an tambaye ni. Kirfa kayan ƙamshi ce, ba ta maye gurbin metformin ko allurar insulin. Nau'in da ya fi yawa a kasuwa yana ɗauke da wani sinadari mai suna kumarin, wanda yawansa ke iya taɓa hanta. Ƙaramin cokali ɗaya a girkin mutum takwas ba abin damuwa ba ne, amma masu shan ta cokali-cokali kullum da sunan magani su daina.

Gyaɗa kuma ki tsince wadda ta yi fumfuna, ki daka ta da kyau saboda ƙananan yara kada ta shaƙe su, ki cire ta gaba ɗaya idan akwai wanda jikinsa ba ya karɓar ta. Abin da ya rage yana iya kwana uku a firij mai sanyi. Idan wutar unguwarku ba ta tsayawa, ki yi rabin awon nan a cinye a ranar.

Matar nan ta dawo bayan wata ɗaya karɓar magani. Ta ce ta mayar da shi girkin ranar Asabar, yara ne ke murza haɗin saman, maigida kuma yana karɓar rabin kofinsa ba gardama. Da na tambaye ta labarin kwalaben mota, sai ta yi dariya ta ce sun ragu, amma har yanzu tana leƙawa.

Ki gwada a wannan Asabar ɗin da awon sukarin da na ba ki. Idan iyali sun saba, ki rage babban cokali ɗaya a karo na gaba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.